Kejin Injin Esi na Waje: A Hana Ɓarawo, Amma Kada a Shaƙe Injin

Jiya muna tattara kayan aiki ka jefo mini tambaya, hankalina yana kan geji, wato ma'aunin matsin gas, ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce, "Oga, mutumin nan da aka sace wa injin esinsa na waje ya sayo sabo, yana so mai walda ya rufe masa shi ruf da faifan ƙarfe kamar akwati, a bar 'yan huji kawai. In ce masa to?" Zauna nan, ɗana, domin muddin kana wannan sana'a tambayar nan za ta yi ta dawo maka.

Kada ka ce masa to. Ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma akwatin da yake so shi ne zai kashe injin tun kafin wani ɓarawo ya sake leƙowa, kuma ranar da kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas a cikin injin, ya ƙone ba mai walda za a nema ba, kai za a nema.

Ka tuna aikin injin waje. Duk zafin da na ciki ya kwasa daga ɗaki, gas ne ke ɗauko shi ya kawo waje. Fanka ta zuƙo iska ta baya da gefe, iskar ta ratsa siraran alminiyam ɗin nan da suka lulluɓe bututun jan ƙarfe, ta kwashe zafin, a fesar da ita ta gaba. In ka toshe gaban, iskar ba ta da wurin zuwa, sai ta kewayo ta sake shiga ta baya da zafinta. Injin yana shaƙar numfashin da ya fitar ke nan. Matsin gas ya hau, kwamfiresa ya ja wuta fiye da ƙima, ya ɗau zafi, ya yanke kansa, ya huce, ya sake tashi, haka dai dare da rana. Ɗaki babu sanyin kirki, mita tana gudu. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi irin wannan akwati, na sa hannu a jikin ƙarfen na kasa barinsa a wurin. Da muka buɗe, man kwamfiresan ya yi baƙi yana warin ƙuna. An yi gudun gara an tarar da zago.

Saboda haka kafin ka yi maganar keji, buɗe littafin da ya zo da injin. A yawancin ƙananan esi masu rabi ciki rabi waje za ka ga ana neman a bar wajen santimita 30 a baya, 30 a gefe guda, 60 a gefen da bawul da wayoyi suke, 60 a sama, sannan gaba a bar shi wayam, har kusan mita 2 babu bango babu tarkace. Kowane kamfani da nasa lissafin, na littafin shi ne gaba da maganata. Sandunan keji ba bango ba ne, iska tana wucewa ta tsakaninsu, shi ya sa keji ya halatta, akwati bai halatta ba.

To wane irin keji? Fara da sanin wanda kake yi dominsa. Ɓarayin esi iri biyu ne. Akwai mai ɗauke injin ɗungurungum ya sayar wa wani ya ɗaura. Akwai kuma wanda bai damu da injin ba, jan ƙarfen cikinsa yake so ya kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wannan na biyun ya fi ɓarna, don shi ba ya lallaɓawa: ya datse bututu, ya farke jikin injin, ya tafi da abin da bai wuce kashi kaɗan na darajarsa ba, ya bar maka gawa. Dukansu abu uku suke tsoro, ɓata lokaci, ƙara, da haske. Babu kejin da injin yankan ƙarfe ba zai ci ba, kada ka taɓa yi wa mai gida alkawarin cewa ba za a iya ba. Abin da kake sayar masa shi ne aikin minti biyar ya koma na rabin awa mai ƙara. Mafi yawansu in sun ga haka sai su wuce.

Ka sa a yi firam da ƙarfen angul mai kauri, sanduna kuma rodi mai kaurin milimita 12 ko fiye, tsakanin sanda da sanda kamar faɗin tafin hannu. Kada ka yarda da raga mai ƙananan ido a gaban fanka. Yau tana kyau, bayan 'yan watanni ƙura da ganye da gashin tsuntsu sun liƙe ta ta zama bango. Kejin ya tsaya da ƙafafunsa a cikin kankare ko a jikin bango, kada ya jingina da injin, kada ma ya taɓa shi, in ba haka ba girgizar kwamfiresa za ta mayar da shi ganga, mai gida ya hana ka barci. A shafa masa fentin hana tsatsa kafin fentin ado, musamman wuraren walda, daga nan tsatsa take farawa.

Ƙofa ita ce inda yawanci ake faɗuwa. Mai walda yana tunanin ɓarawo kawai, ba ya tunaninka. Kai ne za ka dawo wanke injin, ka sa geji, ka canja kafasita, wata rana ma ka fitar da shi gaba ɗaya. Dole ƙofar ta buɗe sosai, gefen bawul ya zama hannunka da sifana suna juyawa. Kejin da ba ya buɗuwa cikin sauƙi ga mai makulli, injin cikinsa ba za a ƙara wanke shi ba. Hinji ya kasance ta ciki, ko a walde kan sandarsa yadda ba za a buge ta ta fita ba. Kwaɗo kuwa a yi masa ɗan gida na ƙarfe da zai ɓoye wuyansa, don almakashin ƙarfe wuyan yake nema. Sau nawa na ga keji mai nauyin gaske an rataya masa kwaɗon akwatin makaranta.

Notin da ya riƙe ƙafafun kejin ma haka. In sifana ta ɗaure shi, sifana za ta kwance shi. Akwai noti mai karyewar kai, kana ɗaurewa in ya kai iyaka sai kan ya ɓalle ya bar sulɓi wanda sifana ba ta kamawa. In ba ka samu ba, a ɗiga walda a kan zaren. Shi kansa injin ka ɗaure ƙafafunsa huɗu da bol mai buɗewa cikin kankare, da roba a ƙarƙashi, ba ka aje shi a kan bulo ka tafi ba.

Nan sai na ja maka kunne da kyau. Kada ka bari a yi walda a kusa da injin da ke da gas. Gas ɗin esi iri-iri ne: R32 da ya cika sababbin injuna yana iya kama wuta, R290 kuwa furofen ne, ya fi shi saurin kamawa nesa ba kusa ba. Ko R22 da R410A da ba sa kamawa a yanayin yau da kullum, in suka haɗu da harshen wuta suna fitar da hayaƙi mai guba. Tartsatsi kuma yana huda siraran alminiyam, wutar walda tana iya bi ta jikin ƙarfe ta ƙone bod ɗin inbata, wato allon lantarkin da ke sarrafa gudun kwamfiresa. A ƙera kejin can gefe, a kawo shi a ɗaure. Ɗigon waldar ƙafafu a gama shi kafin a shigar da injin ta ƙofa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna: bututu. Ka gina keji kamar na zaki, ka bar bututun jan ƙarfe guda biyu suna tafiya tsirara a jikin bango, ai ka kulle ƙofa ka bar taga. Datsa ɗaya ta isa. Kuma asarar ba ta tsaya ga tsawon da aka yanka ba. Gas ya tafi da wani ɓangare na mai, iska da danshi suka shiga. Man da ake sa wa injunan R410A da R32 yana shan danshi da sauri, in ya sha sai ya koma asid ya riƙa cin rufin wayoyin kwamfiresa daga ciki. Don haka in aka kira ka wurin da aka yanke bututu, abu na farko ka rufe bawul biyu da alanki, ka toshe bakunan. In ka zo gyara, ka hura naitirojin, ka ja bakyum, wato ka zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu, har ma'auninsa ya sauka zuwa maikuron 500 ya tsaya, sannan ka zuba gas da sikeli. Wanda ya haɗa bututu ya cika gas kawai, ya ɗaura wa mai gida asara ta biyu.

Maganinsa tun ranar ɗaurawa ne. Ka gajarta abin da ke waje iyakar iyawarka: bututu ya fito daga bango kai tsaye cikin keji. Inda dole ya yi tafiya, ka rufe shi da kwararon ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi masu wuyar kwancewa. Kwararon roba yana kare soson bututu daga rana da tsuntsaye, wannan ma amfani ne, amma ba ya hana ɓarawo. Bakunan bawul ma akwai murfi mai makulli, yana hana mai wasa da hannu sakin gas. Ba abin wasa ba ne: R410A a ranar zafin digiri 35 yana zaune da matsin kusan PSI 300 a gejinka ko injin a kashe yake, ruwansa kuma yana tafasa a wajen digiri 51 ƙasa da sifiri. In ya fesu a yatsa, ƙunar sanyi yake yi.

In wuri ya ba da dama, rataya injin sama a bango ya fi rabin keji amfani. Sai dai ka duba abin da ke ƙarƙashinsa da gefensa, katanga ko tanki ko rufin mota duk tsani ne. Kada kuma ka kai shi inda kai ma ba za ka iya tsayawa lafiya ka yi aiki ba. Ka tuna gas ɗin da ya zo a cikinsa na tsawon bututu ƙayyadadde ne, sau da yawa mita 5, in ka wuce sai ka ƙara gwargwadon abin da littafi ya ce.

Sauran kuwa masu sauƙi ne. Fitila mai kamawa in ta ga motsi, kyamara in akwai hali. Akwai ƙararrawa da ake haɗawa da matsin gas, ana datse bututu ko a cire wuta sai ta ɗauka, ita ce ta fi dacewa da shago ko ofishin da ba a kwana. Ka ɗauki hoton lambar injin ka ba mai gida. In gida zai daɗe babu kowa, gara ka tara gas ɗin cikin injin, ka rufe bawul, ka sauke shi a adana a ɗaki.

Zan gaya maka gaskiya, a shekarun da na yi ina wannan aiki, injunan da sakaci ya kashe a hannuna sun fi waɗanda aka sace yawa. Ƙadangare ko tsaka su shiga neman ɗumi su kwanta a bayan bod, su haɗa wuta, su mutu tare da shi. Ɓera ya ci waya. Shi ya sa nake matsa maka ka toshe hujin da wayoyi suke shiga, ka mayar da kowane murfi da dukkan kusoshinsa. Fitsarin kare yana cinye alminiyam har ya zama gari, ɗaga injin daga ƙasa ko faɗaɗa keji ke hana wannan, ɗagawar kuma tana tsare shi daga ruwa mai kwanciya. Yara suna tura kara cikin fanka. Ruwan indararo in yana zuba a kansa, a karkatar da shi ko a yi masa rumfa mai tsayi da ba ta danne iska. Kada ka bari a lulluɓe shi da leda ko tamfol, danshi take tarawa, kuma wata rana wani zai kunna shi a rufe. Wanki da ruwa mara ƙarfin feshi, bayan ka kashe bireka, ba da injin wanke mota da zai kwantar da siraran ba. In inbata ne ka jira kamar minti 10 kafin ka taɓa bod, kafasitocinsa suna riƙe wuta.

Wuta ma ɓarawo ce a nata fannin. Ka tabbata wayar ƙasa tana aiki, bireka daidai da ƙarfin injin, sannan a sa na'urar da ke yankewa in wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, mai jinkirin aƙalla minti 3 kafin ta mayar, don matsin gas ya daidaita kafin kwamfiresa ya sake tashi.

Gobe da safe ɗauki tef ka koma gidan. Kada ka fara da ce masa a'a, tsayar da shi gaban injin yana aiki, ka sa ya miƙa hannu ya ji iskar da ke fitowa, sannan ka tambaye shi ina za ta je in an rufe. Auna injin, auna bango, duba ta inda bututu ya fito da tsawon da ke waje, ka zana kejin da ƙofarsa a takarda. Ka kawo mini zanen in gani kafin mai walda ya yanka ko sanda ɗaya.