Asalin wasan sinuka da dangantakarsa da biliyad

Malam, ka tambaya ko sinuka da biliyad wasa ɗaya ne da aka sauya wa suna, da kuma inda aka fara shi. Na daɗe ina riƙe sanda, kuma na buga su duka biyun a kan babban teburi mai tsawon ƙafa 12, don haka ga abin da na sani.

Biliyad ne uba, domin tun ƙarni na 15 ake buga shi a fadojin Turai. Irin na Ingila ƙwallaye uku ne kacal: kowane ɗan wasa da tasa, sai ja ɗaya a tsakani. Ana cin maki ta hanyar jefa ƙwallo a rami, ko sa taka ta taɓa sauran biyun a bugu ɗaya, ko ta goge ɗaya sannan ita kanta ta faɗa rami. Wanda ya saba da sinuka, idan ya ga farar ƙwallon da ake bugawa da sanda ta shige rami an kuma rubuta wa mai bugun maki, sai ya tsaya yana kallon alƙali, saboda a wasansa wannan laifi ne.

Shi kuwa sinuka a Indiya aka haife shi, a hannun hafsoshin sojan Birtaniya. Labarin da ya fi karɓuwa shi ne a 1875, a garin Jabalpur, wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firaministan Birtaniyan nan mai irin wannan suna ba, ya haɗa wasannin caca biyu da suke yi a teburin biliyad, ɗaya mai jajayen ƙwallaye 15, ɗaya mai ƙwallaye masu launi. Sai dai a lura cewa a 1938 ne ya fito fili ya ce shi ya ƙirƙiro wasan, shi ya sa wasu suke ganin a kulob ɗin garin Ootacamund da ke kudancin Indiya ne, wajen 1882, dokokin suka daidaita. Daga nan wasan ya bi matafiya zuwa Ingila, inda aka tsayar masa da dokoki na bai ɗaya a 1919.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ɗan ya ture uban. A ganina gwanayen biliyad ne suka kashe kasuwarsu da hannunsu. Sun ƙware har ta kai mutum yana tara ƙwallayen uku wuri ɗaya a jikin bangon teburi, yana ɗan taɓa su a hankali ba iyaka, abokin karawarsa na zaune da sanda a cinya. Walter Lindrum na Ostareliya ya ci maki 4,137 a jere a 1932. Gwaninta ce babu shakka, amma wa zai biya kuɗi ya zauna yana kallon wannan? Joe Davis, wanda shi ma zakaran biliyad ne, ya hango haka da wuri, ya taimaka aka shirya gasar sinuka ta duniya a 1927, ya cinye ta, kuma ba a taɓa ƙwace kambun a hannunsa ba har ya daina shiga bayan 1946.

Talabijin mai launi ce ta ƙarasa aikin, bayan BBC ta fara nuna wasan da launi a 1969. A 1977 aka mayar da gasar zauren Crucible da ke Sheffield, kuma a wasan ƙarshe na 1985 kimanin mutum miliyan 18.5 suka kalli Dennis Taylor yana doke Steve Davis da baƙar ƙwallo ta ƙarshe, bayan sha biyun dare.

Game da teburan da matasanmu suke taruwa a kansu a unguwanni, mafi yawansu ƙananan tebura ne na wasan ful irin na Amurka, duk da cewa sinuka muke kiransu. Idan kana son tantancewa, ƙirga ƙwallayen: na sinuka 22 ne har da fara, na ful kuwa 16.