Ginin nan mai kama da dutsen guga

Tambaya: Malam barka da aiki. Akwai wani dogon bene na birnin New York da nake yawan gani a hoto, gabansa siriri kamar an yanka kankana, wai da gaske mutane na aiki a ciki ko kwalliya ce kawai? Kuma me ya sa aka gina shi haka? Daga wani ɗalibi mai karatun zanen gini.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Flatiron kake nufi, ma'anar sunan kuwa dutsen guga. An gama shi a 1902, Daniel Burnham na Chicago ne ya zana, kamfanin gine-gine na Fuller ya gina don ofisoshi, har sunan farko Fuller Building ne amma bakin jama'a ya ƙi, don tun kafin a sa harsashi ana kiran filin da sunan dutsen guga.

To filin ne ya jawo siffar. Titunan Manhattan, yankin birnin da ginin yake, a miƙe suke kamar an ja da rula, sai titin Broadway ya ratso su a karkace, inda ya haɗu da titin Fifth Avenue wajen titi na 23 sai ya bar ɗan fili mai kusurwa uku. Wani da ya ce ba ya ginuwa, shi kuwa Burnham ya bi filin yadda yake har tsini, can gaban faɗinsa bai fi mita 2 ba, ka miƙe hannuwanka biyu ka kusa taɓa bango da bango, ga taga tana kallon lambun Madison Square. Wallahi wannan ne ke burge ni, tunda kai ɗalibi ne ka riƙe shi.

Hawa 22 ne, tsawo kamar mita 87. Ba bangon ke ɗauke da nauyin ba, ƙashin ƙarfe ne a ciki, dutse da gasasshen yumɓu mai ado na waje riga ce kawai aka sa masa. Lokacin mutane da yawa sun ɗauka iska za ta kada shi, don wurin akwai iska sosai.

Ciki kam an sha wahala, lif ɗin hawa bene yana aiki ne da ƙarfin ruwa ga shi da nawa, ofisoshin kuma duk a karkace tebur ma sai an yi dabara. Kamfanin buga littattafai na Macmillan ne ya zauna ciki har 2019, bayan fitarsu ginin ya zauna babu kowa, aka yi gwanjonsa a 2023, sannan aka shiga aikin mai da shi gidajen zama.