Tambayoyinku: Jinyar Mahaifiyata Ta Sa Na Fara Tsoron Kaina

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata na fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma ni kaɗai ke kwana da ita. Yanzu abu kaɗan sai in daka mata tsawa, in koma gefe in yi ta kuka. Abinci ba ya min daɗi, har maganinta nakan manta. Rashin haƙuri ne ko ciwo?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abin da za mu fara dubawa shi ne barcinki. Majinyacin da ba ya iya motsi akan juya shi duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu ko duga-dugai. Idan mutum ɗaya ke wannan aiki dare da rana, ba zai kai ga barci mai nauyi ba, alhali babba na buƙatar aƙalla awa 7. Ƙarancin barci yana raunana ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke danne fushi da riƙe abu a ka, shi ya sa tsawa da mantuwa ke zuwa tare.

Don haka a raba daren gida biyu. Wani ya riƙe daga ƙarfe 10 zuwa 3, ke ki karɓa daga 3 zuwa 8. Wanda ba aikinsa ba ne ya kwana a wani ɗaki daban. A nan wasu iyalai ke kuskure: mai hutun ya kwanta kusa da majinyaci, ko tari aka yi sai ya farka, tsarin ya tashi a banza. Ki kuma tambayi nas ko katifar iska za ta dace da Mama, domin da ita akan iya tsawaita lokacin juyi ga wasu majinyata.

'Yan'uwa kan ce "in da wani abu ki faɗa," kuma da wuya mai jinya ta faɗa. Ki ba kowa aiki da rana da lokaci: wane zai kai Mama gashin ƙashi ranar Talata, wance za ta kwana Juma'a da Asabar. Magani kuwa a rubuta shi a takarda ɗaya, duk wanda ya bayar ya sa alama da lokaci, don kada a tsallake ko a maimaita.

In kin ji fushi na tasowa, ki tabbatar ba za ta faɗo daga gado ba, ki fita na minti 10. Ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, har bugun zuciyarki ya lafa.

Kukan da rashin cin abincin su suka fi damun mu. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako 2 kusan kullum, ana zargin ciwon damuwa, kuma ganin likita ya zama dole. Zai iya yi miki tambayoyi 9 na gwajin PHQ-9, wanda ake auna ciwon damuwa da shi. Maki 10 zuwa sama na nuna a zurfafa bincike. Ki nemi a duba ƙarancin jini da hawan jini, don ƙarancin jini ma na kawo kasala. Ana warkar da ciwon damuwa ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan'adam, ko magani, ko duka biyun. Maganin kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Masu dainawa da wuri su ciwon ya fi komo wa.

Kada ki sayi maganin barci irin su diazepam da kanki. Jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni, kuma zai iya hana ki jin kiran Mama da dare.

Idan tunanin cutar da kanki ko ita ya taɓa zo miki, ki gaya wa wanda kika amince da shi, ya karɓi jinyar, ki je asibiti a ranar.