Tambaya da Amsa: Kwance Tsofaffin Kayan Ƙofa na Tagulla da Farfaɗo da Su

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji wani tsohon gida daga kakanmu, kuma ƙofofinsa shida duk suna ɗauke da mariƙai da kuba da sakata waɗanda ake cewa na tagulla ne. An yi ta maka musu fenti shekara da shekaru har kan sukurorin ya ɓace, wasu sun yi baƙi ƙirin, makulli kuma da ƙyar yake juyawa. Wani ya ba ni shawarar in kankare su da samfefa ko in jiƙa su a ruwan batir. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ina roƙonka ka ajiye shawarar nan gefe guda, domin samfefa za ta cinye zanen da maƙerin ya yi wa kayan, ruwan batir kuwa zai ɓata ƙarfen ya kuma ƙona maka hannu. Galibin tsofaffin kayan tagullar da na ga sun lalace, a hannun mai gyara suka lalace cikin yini ɗaya, bayan sun yi gomman shekaru lafiya lau a jikin ƙofa.

Ka fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Tagullar da ake yin kayan ƙofa da ita gauraye ce ta jan ƙarfe da tutiya, inda jan ƙarfen kan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Idan ka kara maganaɗisu ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla siriri kamar fatar albasa, kuma guga mai ƙarfi za ta kware shi. Idan bai manne ba, da sauran gwaji, saboda akwai mariƙan da ake zubawa da tutiya a rufe su da tagulla, su ma maganaɗisu ba ya kama su. Sai ka juya bayan abin, inda ido ba ya gani, ka ɗan karce da bakin wuƙa. Idan cikin karcen ruwan ɗorawa ne, tagulla ce har ciki. Idan ya fito fari kamar azurfa, rufi ne kawai, kuma sabulu da tsumma mai laushi su ne iyakar abin da zai jure.

Wajen kwancewa ne ake fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya a nan. Sukurorin tsofaffin ƙofofi yawanci masu tsaga ɗaya ne a ka, domin masu tsagar kuros sai a shekarun 1930 suka fara yaɗuwa, kuma sukurun tagulla yana da taushi ƙwarai. Ka sa tsinin wuƙa ka yanke fentin da ke zagaye da farantin mariƙin don kada ya ɓamɓaro da katako, sannan ka sassaƙe fentin da ya cike tsagar kowane sukuru har ka ga ƙasanta. Ka nemi sukundireban da bakinsa ya cika tsagar daidai, a faɗi da kauri, ka danna shi da nauyin jikinka, ka ɗan juya dama kamar za ka ƙara ɗaurewa kafin ka juya hagu. Wannan ɗan motsin ne ke karya riƙon da fenti da tsufa suka yi wa sukurun. Wanda ya ƙi motsi kada ka yi masa dole. Ka kara masa bakin ƙarfen soda mai zafi na minti ɗaya ko biyu, ka bari ya huce, ka sake gwadawa. A wuyan mariƙin akwai wani ɗan ƙaramin sukuru da ke riƙe shi a kan sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu wadda ta ratsa ƙofar. Shi za ka fara sassautawa, kuma shi ne ya fi saurin ɓata. Kayan kowace ƙofa su shiga jakarsu daban da lambar ƙofar a rubuce, saboda waɗannan kaya sun goge juna sun saba da juna, kuma na wata ƙofar ba lallai ya zauna a wata ba.

Game da fenti kuwa, ka ɗauka cewa akwai dalma a cikinsa har sai an tabbatar maka da akasin haka. A Amurka sai a 1978 aka hana amfani da fenti mai dalma a gidajen zama, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan haka suna amfani da shi. Kankare shi a bushe ko ƙona shi yana tayar da ƙura da hayaƙi masu guba, waɗanda suka fi cutar da ƙananan yara da mata masu juna biyu. Hanyar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: ka sami tsohuwar tukunyar da ba za a sake girki da ita ba har abada, ka zuba ruwa da ɗan sabulun wanke kwanuka, ka sa kayan tagullar, ka bar ruwan da zafi sosai ba tare da ya yi ta tafarfasa ba na sa'o'i da yawa. Za ka ga fentin ya yi laushi ya tattare, har ya riƙa saɓulewa. Ka riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya, domin fentin yana sake taurarewa da zarar ya huce, ka bi lungunan zanen da tsinken katako da tsohon buroshin haƙori. Ka sa safar hannu, ka tattara ɓawon fentin tun yana jiƙe ka ƙulle shi a leda. Akwatin kubar kansa kada ya shiga ruwan, saboda cikinsa baƙin ƙarfe ne kuma zai yi tsatsa.

Shi akwatin kubar, ka kwantar da shi a kan farin ƙyalle, ka kwance sukurun murfinsa, ka ɗaga murfin a hankali yatsanka yana danne da kayan ciki, domin akwai sifirin da ke jiran wannan damar ya yi tsalle. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hotonsa da waya. Za ka tarar da harshen da mariƙi ke ja, da sakatar da makulli ke turawa, da wasu siraran faranti jere bisa juna waɗanda haƙoran makulli ke ɗagawa, tsarin da ya samo asali daga kubar da wani maƙerin kuba mai suna Robert Barron ya yi wa rajista a Ingila a 1778. Farantan nan kowanne da tsayin tsagarsa, kuma idan ka sauya jerinsu makullinka ba zai sake buɗe kubar ba, don haka ka jera su a kan ƙyallen bi da bi yadda ka ciro su. Abin da ke sa makulli tauri yawanci busasshen mai ne da ya haɗu da ƙura ya zama kamar danƙo. Ka wanke shi da kananzir da ɗan buroshi, ka busar, ka shafa ɗan giris kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ramin makulli kuma ka hura masa garin bakin fensir, wanda ba ya tara ƙura kamar mai.

Ranar mayarwa, ka fara ɗaura sukurun baƙin ƙarfe mai girma ɗaya a kowane sabon rami don ya buɗe hanya, sannan ka cire shi ka sa na tagullar bayan ka goga masa kyandir. Ramin da ya yi faɗi kuma ka cusa masa tsinkayen katako da gam.

Tambaya: Na jiƙa farantin mariƙin ƙofata a ruwan khal da gishiri na kwana ɗaya, sai ya fito da jajayen tabo. Me ya faru, kuma zai gyaru?

Amsa: Malama, irin wannan ya taɓa samuna da wani farantin da nake ji da shi, kuma har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi da na ciro shi da safe na ga ya koma ja-ja kamar jan ƙarfe. Tsamin ne ya zuƙe tutiyar da ke saman ƙarfen ya bar jan ƙarfen shi kaɗai. Idan abin bai yi zurfi ba, man goge ƙarfe mai laushi da tsumma za su cire wannan jan saman a hankali har ruwan ɗorawar ya dawo. Khal ko lemun tsami ba laifi ba ne idan mintoci kaɗan ne kina tsaye a kai, sannan ki ɗauraye da ruwa mai yawa ki busar sarai. Abin da zan fi ja miki kunne a kai shi ne amoniya, wadda ke cikin wasu ruwan wanke gilashi da wasu mayukan goge ƙarfe, domin tana tsattsaga tagullar da aka lanƙwasa ko aka buga da inji. An gane haka ne daga kwanson harsasan sojojin Birtaniya a Indiya, waɗanda suka riƙa tsagewa da damina idan an ajiye su a bargar dawakai, har a 1921 aka bayyana cewa amoniyar fitsarin dawakan ce sanadi. Ki kuma guji soson ƙarfe, saboda ɓurɓushinsa yana maƙalewa a jikin tagulla ya yi tsatsa.

Tambaya: Bayan na gama gogewa, in shafa banish don ƙyallin ya daɗe?

Amsa: Ɗan'uwa, ra'ayina shi ne kada ka shafa, musamman a mariƙin da hannu ke kamawa kullum. Banish yana goguwa a inda ake taɓawa ya rage a sauran wurare, sai iska ta shiga ta wuraren da suka buɗe, abin ya zama dabbare-dabbare, kuma gyaransa sai an wanke banish ɗin duka da asiton, wato ruwan sinadarin da ke narkar da shi, an koma farko. Akwai kuma wata fa'ida da yake toshewa: jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cuta da suka sauka a kansa, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da hakan a hukumance a 2008, amma sai idan babu rufi tsakanin ƙarfen da hannu. Ga farantai da sauran sassan da ba a cika taɓawa ba, kaki mara launi ya wadatar, irin wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya a shekarun 1950 mai suna Renaissance Wax, ko kakin zuma mai tsabta, a shafa siriri a goge da tsumma, a maimaita sau ɗaya ko biyu a shekara. Ni ba na ma goge tsohuwar tagulla har ta koma kamar madubi. Nakan haskaka tudun zanen in bar duhun da ke cikin kwarinsa, domin duhun nan ne ke fito da furanni da layukan da maƙerin ya zana, kuma kowace guga ɗan ƙarfe take ɗebewa daga bakin zanen. Mariƙin da aka bari haka zai ɗan yi duhu cikin 'yan watanni, sai dai inda tafin hannu ke sauka, nan zai ci gaba da sheƙi da kansa.