Tambaya da Amsa: Makefile a Kowace Folda, Ko Guda Ɗaya Ya Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke Zinder. Ni da abokaina biyu muna rubuta manhaja da harshen C domin wani mai sayar da kayan gyaran babura a kasuwar Dole, wadda za ta riƙa lissafa masa kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Aikin ya kai fayil kusan 40, mun raba su folda huɗu: ajiya, lissafi, fuska da gwaji. Kowace folda tana da Makefile ɗinta, wato fayil ɗin da ke gaya wa manhajar Make yadda za ta haɗa aikin, sannan babban Makefile yana shiga kowacce da $(MAKE) -C. Idan na gyara fayil ɗin .h (inda muke bayyana tsarin bayanan da sauran fayiloli ke jawowa da #include) a cikin ajiya, abin da ke cikin lissafi ba ya sake haɗuwa, sai manhajar ta riƙa ba da lissafin da ba daidai ba har sai na yi make clean, wato na goge duk abin da aka gina na sake ginawa daga farko. Idan kuma na yi make -j4, wani lokaci aikin ya kammala, wani lokaci ya tsaya a tsakiya. Mene ne gyaran? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ciwo biyu ne ka kawo mini, kuma ko da yake tushensu ɗaya ne, kowanne da maganinsa.

Tun lokacin da Stuart Feldman ya rubuta Make a Bell Labs da ke Amurka a 1976, aikinsa bai canja ba: yana duba fayil ɗin da ake so a gina, ya duba fayilolin da aka gaya masa cewa wannan ya dogara a kansu, ya kwatanta lokacin da aka taɓa kowanne a ƙarshe, idan ɗaya daga cikinsu ya fi sabunta sai ya sake ginin. Make ba ya buɗe fayil ɗinka na C ya karanta layukan #include, don haka duk dogaron da ba a rubuta masa ba, a wurinsa babu shi. Wannan shi ne ciwonka na farko. A cikin lissafi ka gaya masa cewa fayil ɗin .o, wato abin da ake samu bayan an haɗa fayil ɗin C, ya dogara da fayil ɗin .c, amma ba ka ambaci .h na ajiya ba, sai tsohon .o ya ci gaba da zama da tsohon tsarin bayanai alhali ajiya ta koma sabo. Irin wannan kuskure yana ba ni tsoro ƙwarai, domin manhajar tana haɗuwa lafiya ba tare da gargaɗi ba, sai ranar da mai shago ya ga adadin kayansa ya saɓa da abin da ke kan kanta.

Kada ka ce za ka rubuta wannan dogaro da hannu, domin ba za ku yi mako biyu ba sai ɗayanku ya manta. Ka ƙara -MMD da -MP a cikin umarnin gcc, manhajar da ke haɗa fayilolin C. Duk lokacin da ya haɗa fayil, zai ajiye ƙaramin fayil mai ƙarewa da .d a gefen .o, wanda ke ɗauke da sunayen duk .h ɗinku da ya buɗe, kai kuma ka jawo waɗannan fayilolin .d da -include a ƙarshen Makefile. Amfanin -MP shi ne idan kuka goge wani .h ko kuka canja masa suna, Make ba zai tsaya yana neman fayil ɗin da ya ɓace ba.

Ciwo na biyu daga rabon da kuka yi ya fito. Duk lokacin da babban Makefile ya kira $(MAKE) -C, sabon Make ne yake tashi, wanda bai san komai ba sai abin da ke cikin foldar da aka tura shi. Ka ɗauka cewa baduku da majemi da marini suna aikin jaka ɗaya, amma babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya kai: muddin ana kiransu ɗaya bayan ɗaya a jerin da aka saba, aiki yana tafiya, amma ranar da aka ce kowa ya fara lokaci guda, baduku zai miƙa hannu ya tarar fata ba ta fito daga jima ba. Abin da -j4 yake yi muku ke nan. Yana sakin ayyuka huɗu tare, kuma tunda babu inda aka rubuta cewa fuska tana jiran ajiya, wanda ya riga gamawa shi ke yanke ko ginin zai yi ko ba zai yi ba. Peter Miller, wani masanin manhaja ɗan Ostireliya, ya yi bayanin wannan matsala dalla-dalla a wata maƙala tun 1997, kuma shawarar da ya bayar ita nake ba ka: Make guda ɗaya ya ga dukan aikin.

Wannan ba ya nufin ku tara komai a cikin dogon fayil ɗaya da ku uku za ku riƙa cin karo a kansa. Kowace folda ta riƙe ƙaramin fayil, a ce module.mk, wanda ba ya gina komai da kansa, sai dai ya ƙara sunayen fayilolinsa a jerin gama-gari, kamar SRC += ajiya/kaya.c. Babban Makefile da ke tushen aikin shi zai jawo su duka da include, shi ne kuma zai riƙe ƙa'ida guda ta mayar da .c zuwa .o da zaɓuɓɓukan gcc. Ka lura cewa hanyar kowane fayil daga tushe ake rubuta ta, domin Make ba ya shiga folda kuma. Duk abin da aka gina, .o ne ko .d ko manhajar kanta, ya tafi wata folda daban, ku sa mata suna gini, ku rubuta ta a .gitignore domin kada Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki, ya ɗauke ta. Idan kun yi haka, make clean ya zama goge folda ɗaya kawai.

Akwai rami ɗaya a wannan hanya da nake so ka sani tun kafin ka faɗa. Tunda duk ƙananan fayilolin a wuri ɗaya ake karanta su, sunan da aka ba ƙima a ajiya shi ne dai sunan a lissafi. Idan ka yi amfani da alamar =, Make yana jinkirta warware ƙimar har sai an buƙace ta, kuma a lokacin ƙila wata folda ta riga ta canja ta. Ka riƙa amfani da := domin a warware nan take. Layukan umarni da ke ƙarƙashin ƙa'ida kuwa kullum sai an gama karanta komai ake warware su, saboda haka a cikinsu ka dogara da $@ da $<, waɗanda ke nuna ainihin fayil ɗin da ake ginawa da wanda ake ginawa daga gare shi.

Kiran Make daga cikin Make yana da wurinsa. Idan kun ɗauko aikin wasu mutane da ya zo da nasa Makefile, ku bar shi yadda yake ku kira shi da $(MAKE) -C. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin Linux, shi ma yana da Makefile a folda-folda, amma yana tafiya ne a kan wani tsari na musamman mai suna Kbuild da aka daɗe ana gyara shi, kuma aikin fayil 40 bai kai ya ɗauki irin wannan nauyi ba.

Wani zai ce maka ka koma CMake kawai. CMake, manhajar da ke fitar da umarnin gini a madadinka, wanda kamfanin Kitware ya fara a 2000, yana barin kowace folda da CMakeLists.txt ɗinta, ana jawo ta da add_subdirectory, amma yana karanta su duka kafin ya fitar da umarnin gini, don haka ya san cewa fuska tana jiran ajiya da zarar ka rubuta target_link_libraries. Idan kwamfutar mai shagon Windows ce ku kuma a Linux kuke rubutu, lallai CMake zai sauƙaƙa muku. Ni dai na fi so ka fara gyara Makefile ɗin da hannunka, domin aikin yini ɗaya ne, kuma bayansa za ka gane abin da CMake yake yi maka a ɓoye.

Tunda ku uku ne, wataƙila kuna musayar fayiloli da filashi, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ake saye a nan batirin agogonsu ya mutu. Make da lokaci yake aiki, saboda haka fayil ɗin da ya fito daga kwamfutar da agogonta ya koma baya zai zama tsoho a idonsa ko da yanzu aka gyara shi. Ku daidaita agogunanku, sannan ku riƙa musayar aikin ta Git, wanda ke ba fayil ɗin da ya canja lokacin da ya sauka a kwamfutarka.