Littafin binciken asiri a Damagaram ta da: a bar yaro ya karanta?

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ɗanki mai shekara 12 ya karanta ƙagaggen labarin nan na yaron da ke bin sawun wasiƙar da ta ɓace a fadar Damagaram, kuma kina tsoron ya rikita masa tarihi. Ni dai na ce ki bar shi.

Na karanta shi tare da ɗiyata, da dare, da fitilar waya. Yaron labarin da wasiƙar duk ƙirƙira ce, amma zamanin gaskiya ne. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun. A 1899 Faransawa suka dawo, aka gwabza a Tirmini, wani ƙauye kusa da Damagaram, suka ci Damagaram ɗin. Abin da ya ɗan sosa min rai, marubucin ya yi saurin wuce dalilin da ya sa fada ta ƙi yarda da baƙon, alhali tsoron kada ya haɗa kai da Rabe na Barno ba ƙaramin abu ba ne a lokacin.

Da muka gama, yarinyar nan ta matsa sai na kai ta Birni, tsohuwar unguwar da fada take. Ta tsaya gaban ƙofar fada tana shafa bango, tana tambaya ta ina mai wasiƙar zai iya tsallakawa. Daga can muka wuce wajen kakarta a Zango, ta zaunar da tsohuwa da tambayoyi har magariba.