Sotilasasiamies: ko ’yar’uwar “soja” ce?

Tambaya: Malam, ina karatu a Helsinki, babban birnin Finlan, sai na ci karo da kalmar sotilasasiamies ta harshensu a jarida. An ce mini hafsan soja ne mai aiki a ofishin jakadanci. Ina asalinta? Kuma ko sotilas ɗin nan da sojanmu uwa ɗaya uba ɗaya ne?

Amsa: Ɗan’uwa, kada tsawonta ya firgita ka, ɗinki ne aka yi wa kalmomi uku. Sotilas shi ne soja, tushensa sota, wato yaƙi. Asia na nufin al’amari ko batu, mies kuwa namiji. Idan aka haɗa na biyu da na uku sai a sami asiamies, mutumin da ke tsaya wa wani kan al’amarinsa, wanda mu muke kira wakili, kalmar da muka aro daga Larabci. Saboda haka ma’anar duka ita ce wakilin soja. Wannan “asas” da ke harɗe maka harshe a tsakiya ba komai ba ne illa wutsiyar sotilas da ta yi karo da kan asia. Ka ɗan numfasa a wurin, za ta fita.

Su Finlan jigon kalma a ƙarshe suke ajiye shi, mu kuwa a gaba: muna cewa Sarkin Yaƙi, ba Yaƙi-sarki ba. In ka iske doguwar kalmarsu, fara warwara daga baya. Gwada da puolustusasiamies, wakilin tsaro, sunan da rundunarsu ke amfani da shi yanzu.

Mai wannan muƙami yana ƙarƙashin jakada, amma yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ta ba ƙasar da za ta karɓe shi damar neman sunansa tukuna ta amince. Ba mamaki, baƙo ne mai sa ido kan makamanka.

Batun zumunta kuwa, kama da wane ba wane ba ne. Sojanmu daga soldier na Ingilishi ya fito, shi kuma ta hanyar tsohon Faransanci yake komawa ga solidus, wani tsabar zinare na Rumawa. Wato asalin soja shi ne wanda ake biya. Harshen Finlan ba ma dangin Ingilishi ba ne, ’yan’uwansa su ne na Istoniya da Hungari. A Istoniya yaƙi sõda ne, namiji kuma mees. Can za ka nemi dangin sotilas.